Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan takardun jaririyarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun sauka filin jirgin Malam Aminu Kano lafiya, mun kuma iso gida Tudun Wadan Zariya. Hajiyarmu ta ɗauki takwararta da hannunta, abin da ta daɗe tana roƙon Allah tun da ciwo ya kwantar da ita.

'Yan uwa da dama sun ɗauka tunda a Ingila aka haifi yarinyar, ai fasfon ƙasar na jiranta. Ba haka ba ne. Tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan Birtaniya, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Mu kuwa karatu ya kai mu. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ya ba ta haƙƙinta: duk wanda aka haifa a waje, matuƙar uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Sai dai haƙƙi daban, fasfo a hannu daban. Sai da muka haɗa takardar haihuwa, lambar NIN, takardar amincewar iyaye da kwafin fasfonmu, sannan aka kai jaririya Landan ɗaukar hoto.

Yaya Babba, Allah ya saka miki da alheri. Ke kika riƙa kwantar wa Hajiya hankali kullum aka ɗage tafiya. Kawu, mun gode da zirga-zirgar da kuka yi tsakanin Birni da Samaru kuna tattaro takardunmu na gida, ga azumi ga rana.

Godiya ta musamman ga wata baiwar Allah 'yar Sabon Gari da muke unguwa ɗaya a can. Ita ta ankarar da mu cewa in yarinyar ta fita ba tare da bizarta ba, ba za ta sake shiga Ingila ba sai an nema mata daga nan. Wallahi da yanzu muna cikin wani hali. Allah ya raya mata zuri'a.

Malaman da suka sa mu a addu'a da maƙwabtan da suka cika gida da fura da tuwo, Allah ya bar zumunci. Muna nan har bayan Sallah, ƙofa a buɗe take. A ci gaba da yi wa Hajiya addu'ar samun sauƙi.