Littattafai huɗu, daga Lugu zuwa Kano

Littafin da ya fi daɗewa a hannuna a daminar bana shi ne Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980. Labari ne na Sarauniyar Aznan Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bar gawawwaki da toka a garuruwan da ta ratsa, har da Birnin Ƙonni da ke kudu da mu nan Tawa. Mamani gwani ne wajen nuna yadda tsoro ke cin mutum, domin tun kafin sojojin su iso Lugu labarin tsafin Sarauniya ya riga ya karya musu zuciya. Abin da ya rage mini daɗi shi ne marubucin ya daɗe cikin zangon Turawa yana bin gardamarsu da haukarsu, alhali ni zaman Sarauniya da mutanenta nake ƙishirwar gani. Duk da haka littafi ne da ya kamata kowane ɗan Nijar ya karanta, ko da ya riga ya kalli fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986.

Na biyu ba ƙagaggen labari ba ne, bincike ne na Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka buga a 1975. Karatunsa yana son haƙuri da fensir a hannu, amma a cikinsa na fahimci yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17, da kuma yadda sarautar zuriyarsa ta kai ga zama a Illela. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dattawan da irinsu suka ba da wannan tarihi da bakinsu, mafi yawansu ba sa karanta Faransanci. Na gwada fassara wa kawuna wani sashe bayan sallar isha'i, sai ya dakatar da ni ya ce: "Yaro, sake maimaita sunan garin nan, can kakarmu ta fito."

Daga Kano kuwa, na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Hausar littafin ta cikin gida ce, mai kaifi, kuma babu unguwa a Tawa da ba a san irin Rabi ba. Ƙarshensa ne bai gamsar da ni ba, don na so a bar ta da 'yancin da ta samu da guminta.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, maimaici ne kawai na yi saboda ƙannena, kuma har yanzu rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana sa su dariya har da hawaye.