Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Filolin da na dasa a gonar Kawu

A makon jiya na tsaya inda maigidana ya rasu ya bar mini tef da adda da littafin awo, bai bar mini lasin ba. Ni ba safiyo ba ne a takarda. Yaron awo ne, na taso a Aboabo cikin Kumasi a ƙasar Ghana, na yi shekaru ina jan tef a ƙauyukan Asante har na san iyakoki fiye da masu gonakin. Inda wani zai ga daji kawai, ni ina ganin jerin itacen ntome da manoman koko ke shukawa don raba gona da gona.

A da, aikin ƙauye ba shi da wuya. Nana, wato sarkin ƙauye, zai aiko, mu je mu ja ƙafa 100 nan, 100 can, mu dasa filolin siminti huɗu, maigida ya zana taswira ya sa hannu. Dokar tsara gari da ake bi a lokacin ta Turawa ce, ta 1945, kuma da wuya ka ji an ambace ta idan ka bar kwalta. Ba zan ɓoye ba, wannan sakacin ya yi ɓarna. Na ga fuloti ɗaya a hannun mutum uku, kowa da takardarsa. Na ga an sayar da hanya, an sayar da bakin rafi, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane.

Sai abubuwa suka fara juyawa. A 2008 aka haɗe Ma'aikatar Safiyo da sauran ofisoshin ƙasa a ƙarƙashin Hukumar Filaye. A 2016 kuma aka yi Doka ta 925, wadda ta kafa LUSPA, hukumar tsara amfani da ƙasa, a madadin tsohon ofishin tsara gari. Daga nan ba a yanka fuloti da ka. Sai an yi tsarin unguwa, an nuna hanya, an nuna wurin makaranta da kasuwa, kwamitin tsare-tsare na gunduma ya amince. Na yi murna da dokar, har yau ina ganin alheri ce. Amma tsarin nan kuɗi yake ci, kuma yawancin sarakunan ƙauye ba su da shi a hannu. Abin da ake yi shi ne a kira kamfanin awo daga birni, ya yi aikin, a biya shi da fuloti. Mu masu tef sai muka koma 'yan rakiya: mu share daji, mu nuna iyaka, samari masu na'urar GPS su danna su wuce. Aikin da nake yi a mako guda, su kafin azahar sun gama.

A irin wannan rakiya ce na je wani ƙauye da Kumasi ta fara cimmawa. Can na tarar da Kawu, abokin mahaifina tun suna zama a Sabon Zongo. Shekara arba'in yana noman masara da rogo a eka shida da kakan sarkin yanzu ya ba shi. Babu takarda. Goro ya kai da ɗan kuɗin gaisuwa, dattawa suka shaida, kowace kaka yana kai wa fada rabonta. Shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ya ganni da na'ura a kafaɗa, ya ajiye fartanya.

"Ɗana, kai ne yau? Me aka zo aunawa?"

"Kawu, garin ne gaba ɗaya. Nana ne ya sa."

"To ka nuna musu iyakata da kyau. Ka ga mangwaron can? Daga shi har gidan tururuwa."

Na nuna musu. Wallahi na nuna, har na tsaya a gindin mangwaron sai da yaron ya ɗauki lamba. Bayan wata uku taswira ta fito, babbar takarda mai launi, aka shimfiɗa ta a kan tebur a fada aka danne kusurwoyinta da duwatsu. Na bi ta da yatsa ina neman gonar Kawu. Hanya mai faɗi ta ratsa ta tsakiya, sauran an yanka gida-gida, kowane da lambarsa. A lissafin kasuwa eka ɗaya fuloti huɗu ce, kai ma ka lissafa abin da eka shida za ta bayar. Babu layi ko ɗaya da ya ce wani ya taɓa kai fartanya wurin. Na tambayi shugaban masu awon, ya ce shi iyakar ƙasar sarauta aka ba shi, ba a ba shi sunayen manoma ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da dangi take, Tsarin Mulkin 1992 ma ya ce amana ce suke riƙe wa jama'arsu. Sai dai baƙon da ya zo da goro, ba kowace fada ce ke lissafa shi cikin jama'ar ba.

Ni aka ba dasa filolin. Ina da 'ya'ya biyar a makaranta, na karɓa. Masarar Kawu ta fara bunni a lokacin. Ina haƙa rami tsakanin kunya da kunya, shi yana zaune a kan kututture yana kallona, carbi a hannu. Da rana ta take ya miƙo mini gorar ruwansa ya ce, "Sha, ɗana, aiki aka sa ka." Na sha, amma da ƙyar ruwan ya wuce maƙogwarona.

An bar shi ya girbe, aka ba shi fuloti ɗaya a can gefen fadama. A ƙarshen 2020 sabuwar Dokar Ƙasa, ta 1036, ta fito. Ta wajabta wa masu ƙasar gargajiya su buɗe sakatariya su riƙa rubuta wanda aka ba wuri, ta kuma ce idan gari ya faɗaɗa aka karɓi gonar mai haƙƙin noma na gargajiya, diyyarsa kada ta gaza kashi 40 cikin 100 na fulotan ko darajarsu. Ranar da wani lauya ya karanta mini wannan sashe, Kawu ya yi shekara a kabari, Allah ya jiƙansa.

Tun daga aikin nan na sayi wani littafi daban. Duk ƙauyen da aka kai ni rakiya, kafin in sari ciyawa ɗaya sai na zagaya na rubuta wa ke noma ina, tun yaushe, wa ya ba shi, in kai wa magatakardan fada kwafi ya sa hannu. Wasu sun karɓa, wani kuma ya kore ni a gaban mutane. Labarin wannan korar, da yadda littafin ya kai ni gaban alƙali a matsayin shaida, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.