Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hazon da ke Cikin Kai

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a shekarun da na yi a ɗakin magani na asibitin ƙwaƙwalwa, na kuma yi alkawarin shiga zancen auren Yaya Babba. Ku yi mini uzuri, auren zai jira. Wata magana ta Kawu ce ta hana ni sakat, sai na sauke ta.

Kawu, Allah Ya jiƙansa, kun san shi da jakuna. Yakan ce, "In jaki ya ƙi tafiya kada ka nemi sanda, sauke mangala tukuna ka ga abin da ka ɗora masa." Shi dai jakunansa yake nufi. Ni kuwa ban taɓa jin maganar da ta dace da mai cutar bipolar kamarta ba.

Wannan ita ce cutar da rai ke hawa yana sauka. Wani lokaci ciwon ya tashi, mutum ya daina barci, ya cika surutu da ɓarnar kuɗi, wani lokaci kuma ya faɗa cikin damuwa mai nauyi. Abin da dangi ba su sani ba shi ne, ko bayan an samu lafawa, da yawa suna zama da wani abu kamar hazon hunturu a cikin kai. Ya karanta shafi ya kai ƙarshe bai riƙe komai ba. Kalma tana bakinsa ta ƙi fitowa. A aike shi abu uku ya dawo da ɗaya. A gidanmu sunan da aka ba wannan shi ne lalaci, kuma har yau ban daina jin zafin kalmar ba, domin waɗanda suka fi furta ta ba su taɓa ɗaukar kwalin magani ɗaya sun karanta abin da ke jikinsa ba. Sun san kansu.

Yanzu matasa sun ji labarin modafinil, suna tambaya ko shi ne zai kore hazon. Maganin hana barci ne, an ƙirƙiro shi a Faransa, Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Provigil domin masu cutar da barci ke kayar da su da rana tsaka. Ƙaninsa armodafinil, mai suna Nuvigil, ya biyo baya a 2007. Modafinil yana hana ƙwaƙwalwa saurin kwashe sinadarin dofamin, sai mutum ya ji ya wartsake. Babu hukumar da ta yi masa rajista domin bipolar. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ma a 2010 ta ce a taƙaita shi ga waccan cutar barci kaɗai. Likitan da ya rubuta shi ga mai bipolar, da nasa nazarin ya rubuta, kuma dole ya sa ido.

Amma kafin sanda, mangala.

Abu na farko da za a sauke a duba shi ne lithium, maganin daidaita rai da ake ba masu bipolar. Ana ɗibar jini awa 12 bayan ƙwayar dare, kafin a sha ta safe. Yawanci ana son adadinsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8. Da ya haura sai kai ya yi nauyi, hannu ya kama rawa, in ya wuce 1.5 kuwa an shiga guba: amai, zawo, tangaɗi, harshe ya karye. A ƙasarmu abin da ke hau da shi ba a ɓoye yake ba. Zafin bazara, azumi ba tare da an zauna da likita ba, zawo, sai kuma diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis kamar alewa. Duk suna hana ƙoda fitar da shi. Lithium kuma yana rage aikin maƙoƙon wuya, wanda shi kansa yake kawo kasala, jin sanyi, ƙiba da mantuwa. Shi ya sa ake gwada TSH, wato ma'aunin aikin maƙoƙon, da ƙoda da sinadarin kalsiyam duk wata shida. Gwaji ɗaya na iya nuna cewa abin da mutum yake buƙata levothyroxine ne, maganin raunin maƙoƙon, ba maganin hana barci ba.

Na biyu benzhexol, wanda kowa ya fi sani da Artane. Ana haɗa shi da haloperidol ko Largactil don hana sanƙarewar jiki, sai a bar shi shekara da shekaru ba a sake waiwayarsa ba. Yana busar da baki, yana dushe gani, yana kuma cin riƙon abu a kai. Diazepam haka. Quetiapine da olanzapine suna sa barci mai nauyi, sau da yawa mayar da su dare gaba ɗaya, ko shan su awa biyu kafin kwanciya, yana rage mayen safe. Valproate kan tara amoniya a jini, topiramate kuwa an san shi da ɓatar wa mutum kalma. Sai ƙarancin jini, ƙarancin B12, da minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin dare, wanda ya fi yawa ga waɗanda magani ya sa wa ƙiba. A ƙarshe, damuwar kanta wadda ba ta gama tafiya ba. Kada wanda ya rage ko ƙwaya ɗaya da kansa, musamman lithium, domin yanke shi farat ɗaya yana dawo da ciwon da ƙarfi. Likita ne zai sauke, a hankali.

 

To idan an duba duka, hazo bai tafi ba fa? A nan modafinil yake da gurbi, ƙarami. A 2007 Dakta Mark Frye da abokan aikinsa sun gwada shi kan mutum 85 masu bipolar da ke cikin damuwa, miligiram 100 zuwa 200 a kan maganinsu na kullum, tsawon mako shida. Kashi 44 cikin 100 sun samu sauƙi, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa kashi 23, kuma tashin ciwo bai fi yawa ga masu shansa ba. Daga nan aka yi manyan gwaje-gwaje uku da armodafinil, miligiram 150. Ɗaya ya nuna amfani, biyu ba su nuna ba, kamfanin Teva mai yin maganin ya haƙura da neman rajistar a 2013. Ku lura da abu biyu. Damuwa aka auna, ba kaifin tunani ba. Sannan kowa a cikinsu yana kan maganin daidaita rai. A ganina ya fi taimakon wanda kukansa barci ne da mutuwar jiki da rana. Wanda idonsa biyu amma ba ya riƙe karatu, kada ya sa rai da yawa.

Yadda masu hankali suke yi: ana farawa da miligiram 50 ko 100 da sassafe, a kai 200 bayan mako ɗaya ko biyu in da buƙata. Ba a sha bayan azahar, domin sai an yi kusan awa 15 kafin rabinsa ya bar jiki, ƙwayar la'asar tana nan daram da tsakar dare. Ga mai bipolar kuwa rashin barci shi ne ƙofar tashin ciwo. Don haka a sami littafi a riƙa rubuta awannin barci kullum, a kuma sa wani na gida ya lura. In dare biyu a jere mutum ya yi awa huɗu ya tashi garau ba gajiya, baki ya buɗe, fushi ya yi kusa, a dakatar a nemi likita a ranar. Mai shan ƙwayar zai ce bai taɓa jin daɗi haka ba. Kada a biye masa. Ba a fara shi ga wanda ciwonsa ke tashe, ko wanda damuwa da zumuɗi suka cakuɗe masa. A rage goro, Nescafé da lemon ƙarin kuzari. Tramadol kuwa a nisance shi baki ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na mata, don ba a faɗa musu. Modafinil yana zaburar da hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magunguna, ciki har da ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse. Mace na iya ɗaukar ciki tana kan tsarinta. Ana buƙatar wata hanya, kamar robar mahaifa, lokacin sha da kuma wata ɗaya bayan dainawa a ƙa'idar Amurka, wata biyu a ta Ingila. Hukumar Ingila ta yi gargaɗi a 2020 cewa yana iya naƙasa jariri a ciki, saboda haka mai juna biyu ba ta shansa. Wannan zaburar da hanta tana kuma rage ƙarfin quetiapine, aripiprazole da lurasidone a jini, wato maganin da ke riƙe da ciwon ya yi rauni daidai lokacin da aka ƙara abin da zai iya tayar da shi. A ɗaya gefen yana tara diazepam, phenytoin da propranolol. Carbamazepine kuma shi yake rage modafinil ɗin.

Sai fata. Ƙuraje da zazzaɓi, ko gyambo a baki da ido cikin makonni biyar na farko, asibiti kai tsaye, a daina sha nan take, domin yana iya zama cutar Stevens-Johnson mai saɓule fata. Lamotrigine, wani maganin da ake ba masu bipolar, shi ma yana kawo ta, shi ya sa ba a fara su tare, don in ƙuraje suka fito a san mai laifi. Ciwon kai shi ne ya fi yawa, kusan mutum ɗaya cikin uku, sai tashin zuciya da rashin son abinci. A auna hawan jini da bugun zuciya kafin a fara da bayan an fara, mai ciwon zuciya kuwa sai an yi masa gwajin zuciya.

Kawu bai hana sanda ba, ya dai ce a fara da mangala. Shi ya sa nake ganin a sa wa'adi tun ranar farko, mako huɗu zuwa shida, a kuma zaɓi abin aunawa guda: shafi nawa yake karantawa ya riƙe, ko ƙarfe nawa yake iya barin shimfiɗa. In wa'adi ya cika babu bambanci, a ajiye shi. Masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Dawanau, Kware ko Maiduguri su tafi da littafin barcin da duk kwalayen da suke sha, har da na kemis da na gargajiya, a zube wa likita a kan tebur.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren Yaya Babba.