Lauyan waɗanda ba a haifa ba tukuna

Wani dattijo a Ingila ya rasu ya bar dukiyarsa a hannun amintattu. Ya rubuta cewa 'yarsa ta ci ribar har ƙarshen rayuwarta, bayan nan a raba uwar kuɗin ga 'ya'yanta, na yanzu da duk wanda za ta haifa gaba. Ita da manyan 'ya'yanta suka ga jiran ya yi tsawo, suna so a raba yanzu.

Da a ce duk masu cin moriyar baligai ne masu cikakken hankali, da ba sai an je kotu ba. Tun shari'ar Saunders da Vautier ta 1841 aka yarda cewa idan bakinsu ya zo ɗaya, suna iya warware amanar su karɓi abinsu. To amma akwai ƙaramin yaro a cikinsu, akwai ƙanwarsu mai larurar ƙwaƙwalwa, ga kuma waɗanda ba su zo duniya ba. Dokar sauya sharuɗɗan amana ta 1958 ta ba alƙali ikon amincewa a madadin irin waɗannan, muddin sauyin zai amfane su.

Ni lauya ne. Aka ce in tsaya wa yaron da waɗanda ba a haifa ba a haɗe, don rage kuɗin lauyoyi. Na ce a'a. Duk ƙanin da aka ƙara haifa, rabon yaron ne zai ragu, ta yaya baki ɗaya zai yi wa ɓangarorin biyu magana? Aka nemo masa nasa lauyan. Batun ƙanwar kuwa, wata kotun ce ta daban mai kula da marasa ikon yanke wa kansu shawara ta duba shi.

Uwar ba ta ji daɗina ba. Ta ajiye tabarau a kan takardun ta ce, "Lauya, na wuce arba'in, na gama haihuwa. Wa kake karewa?" Ban ga laifinta ba, amma ko likita ba zai rantse a kan hakan ba. Kuma duk fam ɗin da ta karɓa yau, daga rabon na baya ya fito, shi ya sa ba a bar ta ta wakilci ko ɗanta na cikinta ba.

Aikin nan yana da wuya don ba ni da wanda zan tambaya me yake so. Sai in zauna da lissafi: idan an haifi ɗaya fa, idan tagwaye ne, idan uwar ta rasu baɗi? Kuma amfanin ba na kuɗi kaɗai ba ne. A shari'ar Weston, a ƙarshen shekarun 1960, alƙali Lord Denning ya ƙi a mayar da amana tsibirin Jersey don gudun haraji, saboda yana ganin inda yara za su tashi ya fi rangwamen muhimmanci.

Daga ƙarshe aka keɓe wa waɗanda ba a haifa ba wani kaso, aka haɗa da inshora, kuɗinta kuma daga rabon manyan. Sun yi gunaguni, suka sa hannu, alƙali ya amince.