Ƙumba ɗaya, takardu uku

Lokacin da nake karatun ilimin duwatsu a jihar Virginia ta Amurka, an ɗora mini aikin sabunta takardun shaida na wani tsohon tarin burbushin halittu. Akwatin da ya fi cin mini lokaci shi ne na wata ƙumbar teku mai ɓawo biyu, faɗinta ya kai tafin hannu, bayanta tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Ta rayu kimanin shekara miliyan 4 zuwa 5 da suka wuce, kuma har yau ana tsintarta a gangaren kogin James da na York.

A ƙarƙashinta akwai takardu uku. Mafi tsufa, wadda tawadarta ta koɗe, ta ce Pecten jeffersonius. Ta biyu ta ce Lyropecten, ta uku Chesapecten. Duk abu ɗaya suke nufi, sai da na bi diddigi na gane yadda aka yi.

Tun a 1687 zanenta ya fito a littafin Martin Lister na Ingila, amma bai raɗa mata suna ba. Sai a 1824 masanin halittu Thomas Say ya sa mata na farko, wato Pecten jeffersonius, don girmama tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson. Daga nan aka yi ta kai ta wannan jinsi da wancan, har 1975 da masu bincike biyu, Ward da Blackwelder, suka ware mata jinsin Chesapecten ita da 'yan uwanta. Shi ya sa yanzu ake sa sunan Say da shekarar 1824 cikin baka biyu bayan sunanta, alamar an ɗauke ta daga jinsin da ya ajiye ta. Virginia ta mai da ita burbushin da ke wakiltar jihar a hukumance a 1993.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun wuri. Wani masanin duwatsu, John Finch, shi ne ya kawo wa Say ƙumbobin, Say kuwa ya wallafa su a matsayin na jihar Maryland, alhali daga wajen garin Yorktown na Virginia aka kwaso su. Suna in ya karkace, mai ƙirga tudun ɓawo zai daidaita shi ko bayan shekara ɗari, tunda yawan tudun na nuna irin ƙumbar. Wurin da aka tono abu fa, in takarda ta ɓata shi, ɓawon da wuya ya faɗa maka.

Don haka ban yar da tsohuwar takarda ko ɗaya ba. Na sa kowacce a 'yar leda, na rubuta sabuwa da fensir, na fara da sunan kogi da gangare kafin sunan ƙumbar.