Mawaƙin da ke yawo da rubutunsa cikin rigar matashi

Yau da hantsi wani abokina da ya yi karatu a Rasha ya ba ni labarin Velimir Khlebnikov, wani marubucin waƙoƙi ɗan Rasha, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake cusa waƙoƙinsa cikin rigar matashin kai, ya saɓa yana yawo gari-gari ba shi da wurin zama. Shi ne fa wanda a 1912, tare da wani marubucin waƙoƙi mai suna Mayakovsky da wasu abokansu biyu, ya sa hannu a sanarwar da ta nemi a jefar da manyan marubutan Rasha na da, irin su Pushkin da Tolstoy, daga jirgin ruwan zamani, wato a yi watsi da su.

Ya mutu cikin talauci a wani ƙauye na yankin Novgorod a 1922, yana da shekara 36. Ni dai ina ganin ya fi cancantar tausayi a kan a zarge shi da rashin kunya saboda waccan sanarwar.