Saƙon Godiya Bayan Dare Biyu Babu Hita a Gidanmu na Shikago

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya fitar da mu lafiya daga dare biyu mafi tsanani da muka gani tun da muka tare a gidanmu na arewacin birnin Shikago a Amurka, ya zama wajibi in fito fili in gode wa mutanen da Allah ya rufa mana asiri ta hannunsu. Yawancinsu sun roƙe ni kada in ambaci sunayensu, kuma na amince da haka, amma abin da suka yi mana ya fi ƙarfin a yi shiru a kansa.

Ranar Juma'a ce da dare, bayan sallar isha'i, maiɗakina ta ce mini ta ji gidan ya yi sanyi. Da na duba ma'aunin da ke jikin bango sai na ga lambar tana sauka maimakon ta tsaya inda muka saba ajiye ta. Na gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda na'urar ɗumama gidan take, na durƙusa a gabanta ina leƙawa ta ɗan gilashin da ke jikin murfinta. Fanka za ta tashi, shuɗiyar wuta ta kama, kafin in ƙirga biyar sai ta mutu. Bayan ta yi haka 'yan lokuta sai ta yi tsit gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai wata 'yar fitila mai ƙyaftawa. Duk wanda ya ga sanyin ƙarshen Janairun 2019 a wannan birni, lokacin da ma'auni ya kai 23 ƙasa da sifiri a lissafin Faranhait, wato kusan 31 ƙasa da sifiri a lissafin Salshiyas, ya san irin faɗuwar gaban da mutum yake ji idan hita ta mutu a tsakiyar hunturu. A gidan akwai yara uku, ƙaraminsu bai cika wata takwas ba, ga kuma surukata Hajiya da ta zo daga Zariya, wadda ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai bana.

Godiyata ta farko ga maiɗakina take. Da sanyi ya fara shiga jiki, Hajiya ta dube ni cikin tausayin jikokinta ta ce, "Malam, ba ku da gawayi ne a gidan nan? A hura kasko a kai ɗakin yaran mana." Muna da gawayin gashin nama a gareji, kuma a gaskiya zuciyata ta fara karkata. Maiɗakina ce ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, gidan nan an toshe shi ko'ina don kada iska ta shiga, hayaƙin da ba a gani shi zai kashe mu muna barci." Ta yi gaskiya. Iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa ba ta da launi kuma ba ta da wari, ita ce ta kai ɗaruruwan mutane asibiti a jihar Teksas a watan Fabrairun 2021, lokacin da wuta ta ɗauke aka koma ɗumama gida da gawayi da janareta da injin mota. Saboda ita ne ma dokar jihar Ilinoi, inda Shikago take, tun daga 2007, ta wajabta sanya na'urar gargaɗi a tazarar da ba ta wuce ƙafa 15 ba daga kowane ɗakin kwana.

Daga nan na shiga neman mai gyara a waya, kuma a nan na yi kuskuren da nake fatan wani ba zai maimaita ba. Na danna kamfanin da ya fara fitowa a sama, ban lura cewa talla ce aka biya ba, ban kuma tambayi inda shagonsu yake ba. Wanda suka turo ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya karɓi kuɗin zuwan dare, ya haska tocila cikin na'urar na 'yan mintuna, sannan ya ce tukunyar ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da muke shaƙa ta tsage, don haka babu gyara sai sabuwa. Ya fito da takardar biyan kuɗi kaɗan-kaɗan na shekaru, yana cewa idan ban sa hannu a daren ba farashin zai tashi. Alƙalami yana hannuna lokacin da maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Wannan dattijo, Kirista ne da ya yi ritaya daga aikin gine-gine, ya ga motar masu gyara a ƙofar gidanmu da tsakar dare ya taso da ƙananan hita biyu masu amfani da lantarki. Ya ja ni gefe ya ce in nemi a nuna mini tsagar da idona, ko a hoto, kafin in sa hannu a komai. Da na nema, sai mutumin ya fara kame-kame, daga ƙarshe ya tattara kayansa ya tafi. Dattijon bai koma gida ba sai da ya zagaya da ni, ya nuna mini yadda zan bar kowane famfo yana ɗiga, in kuma buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Ya jona hitocin kai tsaye a soket ɗin bango, ya hana ni haɗa su da wayar ƙari, ya matsar da su nesa da labule da katifa. Ba ni da abin da zan biya shi da shi, ina roƙon Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara masa lafiya.

Da asuba na faɗa wa limamin masallacinmu halin da muke ciki. Kafin hantsi wani ɗan'uwa mutumin Maraɗi ya zo da motarsa ya kwashe Hajiya da maiɗakina da yaran zuwa gidansa, inda uwargidansa ta sauke su a ɗakinta, ta dama wa Hajiya kunun gyaɗa mai zafi. Ranar Asabar ɗin duka na yi ta kiran masu gyara, kowa yana cewa sai ranar Talata ko Laraba, saboda gidaje da yawa sun shiga irin halinmu. Wata 'yar'uwa ce a cikin matan masallaci ta turo lambar wani mai ƙaramin shago da bai fi tafiyar minti goma daga unguwarmu ba, ta ce shekara shida yana duba musu hita kuma bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Wannan bawan Allah ya iso da safiyar Lahadi, kuma ban tambaya ba ya nuna mini lasisinsa da takardar inshorarsa, ya faɗi kuɗin dubawa tun a bakin ƙofa. Ya ƙirga ƙyaftawar fitilar nan, ya gwada da jadawalin da ke manne a bayan murfin, sannan ya kwance noti guda ya zaro wani siririn ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa, wanda ya yi fari-fari da datti. Ya bayyana mini cewa aikin ƙarfen shi ne ya tabbatar wa na'urar cewa wuta ta kama, idan kuma datti ya rufe shi sai ta ɗauka babu wuta, ta yanke gas don kada ya cika gida. Ya goge shi a hankali, ya mayar, ya sauya filtar iska da ta yi baƙi ƙirin saboda sakacina na watanni, wuta ta kama ta zauna. Duk da haka bai tafi ba sai da ya zura kyamara cikin tukunyar da aka ce ta tsage, muna kallo tare a allon wayarsa lungu-lungu, ya kuma auna iskar da ke fitowa a ɗakuna. Ya ce tsagewar tukunya abu ne da ke faruwa da gaske, kuma idan ta tabbata dole a kashe na'urar nan take, amma tamu lafiyarta ƙalau. Abin da na biya shi, da rasit a hannuna, bai kai kuɗin zuwan dare da na ba na farko ba.

Ina kuma godiya ga 'yar'uwar da ta kira don ta sanar da ni abin da ya kamata masu haya a cikinmu su sani. A Shikago, daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni, idan ɗumama gida a hannun mai gidan haya yake, doka ta wajabta masa ya kai zafin ɗaki 68 a Faranhait da rana, 66 da dare, kuma wanda aka bari cikin sanyi yana iya kiran 311, lambar da ake tambayar wuraren fakewa daga sanyi ta cikinta. Ta kuma tuna mini da shirin LIHEAP da ke tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin gas da lantarki.

Kafin mai gyaran ya tafi ya leƙa na'urar sanyaya gida da ke bayan gidanmu, ya karanta allon jikinta, ya ce tsohuwa ce mai aiki da iskar R-22, wadda Amurka ta hana ƙerawa da shigo da ita tun farkon 2020, don haka idan ta yi yoyo cika ta zai yi tsada. Birnin da zafin Yulin 1995 ya kashe mutum sama da 700 ba wurin wasa da wannan ba ne, saboda haka mun tsayar da rana a watan Afrilu zai dawo ya duba ta, sannan ya sake zuwa a watan Oktoba domin hita.

Hajiya da yaran sun dawo gida bayan la'asar ɗin Lahadi. Ta ce lallai in isar da gaisuwarta ga uwargidan da ta sauke ta, da dattijon maƙwabcinmu, da mai gyaran da ba ta samu ganinsa ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya raya zuri'a, ya bar zumunci, amin.